Jar Dawar Baba Zira

Masu cewa tafiya mabuɗin ilimi ce ban musa musu ba, sai dai ina so in tambaye su ko sun taɓa yin ta a bayan motar gyaɗa. Ni na yi, shekarar da aka jefa ƙuri'ar farko a kan makomar ƙasarmu, ina ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Abin da na koyo a can, da an ba ni zaɓi, da na zauna da jahilcina a Mayo Bani. Sunana Buba. Zan faɗi abin yadda ya faru, har da wurin da ba ni da gaskiya.

A mafitar Jimeta na fara kula da wani tsoho da ke cikinmu. Mu shida wani ɗan kamasho mai suna Garba Dogo ya kwaso daga kasuwar Mubi, da alkawarin aikin wata uku a gonar Turawa can kudancin Kamaru, a dawo da mu kafin ruwan shuka. A lokacin mu da su duk ƙasar amana ɗaya ake kiranmu, a hannun Ingilishi, don haka ba mu ɗauka wata ƙasa za mu ba. Da jirgin fito ya fara tangaɗi kowa ya riƙe kayansa. Shi kuwa tsohon ya bar bargonsa yana jiƙewa, ya rungume wata ƙaramar gora da ke rataye a wuyansa. Da yake bakina ba ya zama wuri ɗaya, na ce, "Baba, in zinariya ce a faɗa mana mu taya ka gadi."

"Ya fi zinariya, ɗan Fulani," ya ce. "Zinariya in ka binne shi, ba ya fitowa."

Sunansa Zira. Kirista ne, mutumin duwatsun Michika da ya sauko ya zauna a Digil, zai kai shekara hamsin da wani abu. Abin da ke cikin gorar irin dawa ne, wata ja mai gajeren kara da ubansa ya sauko da ita daga kan dutse, kuma a cewarsa babu mai irinta a duk ƙasar Mubi. Da kakar nan gobara ta cinye masa rumbu da ɗaki. Abin da ya tsira kawai zangarniyar da ya zaɓa ya ɗaure a reshen tsamiya don iri. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa ɗaya ce, Kuve, tana aure a Wuro Patuji. Na tambaye shi me ya hana shi barin irin a wurinta. Ya ce a gidansu iri ba ya kwana a rumbun suruki, kuma wata uku ai ba komai ba ne. Ya sussuke shi, ya gauraya da toka, ya zuba a gora, ya toshe da ƙullin tsumma.

Daga Jimeta muka yi kwana huɗu zuwa Katsina-Ala a kan buhuna. Nan na fara ganin gari inda za ka yi sallama babu mai amsawa. A Ikom bishiyoyi suka rufe sama, har na riƙa tambayar mutane ina gabas take in za ni salla. Wata tsohuwa a can, da ba mu jin maganar juna, ta ga ina ta waige-waige da buta a hannu, ta kama kafaɗata ta juya ni, ta nuna da haɓa, ta wuce abinta. Har yau ina yi mata addu'a, ban san ko sunanta ba.

A Mamfe muka tsaya, domin hanyar gaba ƙunci gare ta, yau motoci su tafi, gobe su dawo, kuma mun iso ranar masu dawowa. Nan Garba Dogo ya fito da wasu takardu, ya shafa mana tawada a babban yatsa, ya ce sunayenmu ne kawai don a san yawan abincin da za a dafa. Muka dangwala. Ya ɗora mu a motar kamfani da safe, ya ce zai biyo mu a ta baya. In kun gan shi ku gaishe shi, ni dai ban ƙara sa shi a ido ba. A Kumba ne wani akawu ya karanta mana abin da muka dangwala: shekara biyu, kuma wanda ya gudu 'yan sanda su kamo shi. Sauran suka yi ta zagi. Baba Zira kuwa hannu kawai ya kai wuyansa ya taɓa gorar.

Gonar da aka kai mu tana gindin wani babban dutse kusa da teku, ayaba ce iya ganinka. Amma mu ba ayabar aka ba mu ba. Bayan gidajen Turawa akwai wani fili da ya fi gonakin ƙauyenmu duka, an share shi tas, babu abin da ake shukawa a ciki sai ciyawa. Nan suke buga wata 'yar farar ƙwallo da sanda, su bi ta a ƙafa har su jefa ta a rami, wasan da suke kira golf. Ramuka tara ne. Kowane rami akwai wani da'irar fili mai laushi kewaye da shi, ana ce masa girin, akwai kuma dandamalin da ake tsayawa a fara bugu. Duk sun tsufa, ruwa yana kwanciya a kansu, shi ya sa aka ɗebo mu a tone su a sake.

Mai kula da mu helima ne ɗan ƙasar, tsohon soja, ya koyo Hausa a bariki. A samansa akwai Bature mai yawan shan lofe, muka sa masa Mai Lofe. Ranar farko helima ya nuna mana abin da za mu dasa, na duba, na sake dubawa. Kirikiri ce. Ciyawar da na yi ƙuruciyata ina haƙa ina ƙonawa a gonar babana, wadda in ka bar gaɓa ɗaya a ƙasa sai ta dawo ta yi maka dariya. Baba Zira ya ɗaga ta, ya juya ta, ya ce, "Buba, mun yi tafiya na kwana goma sha biyu don mu shuka abokin gaba."

Aikin kuwa ba wasa ba ne. A ɗaye tsohuwar ciyawar, a haƙa ƙasar da diga har gwiwa, a kwashe da baro. A ja ƙananan magudanai a ƙasan ramin kamar ƙashin kifi, a jera duwatsu, a zuba tsakuwa, a zuba yashi. Sannan baƙar ƙasa, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin shanu, a tankaɗe ta da rariya kamar garin tuwo, a baza, a bi da rola, mutum huɗu suna ja. Mai Lofe ya zo ya kwanta rub da ciki ya hanga, in ya ga tudu kamar faɗin tafin hannu a sake. Daga nan a durƙusa a dasa kirikiri gaɓa-gaɓa. In ta kama, a riƙa yi mata aski da inji duk kwana biyu. Wajen jera duwatsu babu kamar Baba Zira, don mutanen kan dutse da haka suke riƙe gonakinsu. Helima da kansa yakan tsaya yana kallon hannunsa. Amma duk ranar da muka gama tankaɗe ƙasa sai in ga tsohon ya ɗebi cikin tafinsa, ya shinshina, ya girgiza kai. "Ƙasa kamar wannan," yakan ce, "mutum bai taɓa ci daga cikinsa ba. Allah zai tambaye su."

Damina ta zo, in dai abin da ke can sunansa damina. A Mubi ruwa yakan zo, ya yi abin da ya kawo shi, ya tafi. A can sai ya kwana bakwai bai ɗauke ba. Tabarma ta yi fumfuna, takalmi ya yi fumfuna, gishiri ya zama ruwa a kwano. Abinci kullum ayaba da gwaza da manja, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka, in farka ina jin haushin kowa. Kewar gida ciwo ce sosai, wanda bai yi ba ne yake ɗaukarta shagwaɓa. Na yi kuka a bayan ɗakin inji fiye da sau ɗaya, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Baba Zira ya gwada shuka a bayan layin lebura da ruwan farko. Ya zuba kusan rabin gorar. Ta tsiro, ta yi ganye huɗu, ruwa ya kwanta a kanta ta ruɓe, abin da ya saura aladun maƙwabta suka tone. Daga nan ya koma gwaji irin na manoma. Duk farkon wata sai ya ƙirga ƙwaya goma, ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye kwana huɗu, ya buɗe a gabana. Watan farko tara suka tsiro. Tsakiyar damina shida. Ya fara tari a lokacin, tarin da bai sake shi ba.

Akwai wata mata mai sayar da abinci a bakin layinmu, kowa Mami yake ce mata, mai jiki, mai faɗa, ba ta jin Hausa ko kalma. Ita ta ga yana shanya irin a kan murfin tukunya duk sanda rana ta leƙo. Ta zo ta tsaya a kansa, ta yi ta masifa da yarensu, muka ɗauka korarsa take yi. Ashe gwangwanin madara ta kawo masa mai murfi mai kamawa, ta nuna masa ya juye, ta ɗauka ta rataye a saman murhunta inda hayaƙi ke bugawa. Da ba don ita ba da irin bai kai ƙarshen damina ba. Duk da haka, da ruwa ya ɗauke ya buɗe tsummansa, uku ne suka tsiro cikin goma, su ma kamar ba sa so.

"Wani damina ɗaya a nan, shi ke nan," ya ce. "Babana ya riƙe shi lokacin fara, ya riƙe shi lokacin yunwa. Ni zai mutu a wuyana."

A wannan rani ne aka kawo injin jan ruwa aka kafa a bakin mayo, wato rafi, muka haƙa ramuka muka binne bututun ƙarfe zuwa kowane girin. A ƙarshen kowane bututu akwai wani kan ƙarfe mai juyawa yana fesa ruwa kamar yayyafi. Da yake na taɓa aikin lambu, kuma kaina yana ɗaukar abu, helima ya ba ni makullin famfunan. Ni ke zagayawa da asuba da la'asar ina buɗewa ina rufewa. Aka ba ni hular kaki. Baba Zira ya sa mini Sarkin Ruwa, kuma ba zan ɓoye ba, hular nan ta shiga kaina.

Wata safiya ya ja ni bayan dandamalin rami na bakwai. Akwai wani lungu a nan, tsakanin dandamalin da kurmi, inda muka zubar da ragowar baƙar ƙasar da aka tankaɗe. Ba a ganinsa daga fili sai an zagaya. Ya riga ya baje ƙasar, ya ja kunya uku gajeru.

"Sarkin Ruwa," ya ce, "ƙasa akwai, rana akwai. Abu ɗaya ne babu, kuma yana aljihunka."

Na san doka, lebura ba ya shuka ko barkono a filin kamfani. Na faɗa masa. Ya ce ya sani, wata uku kawai yake roƙo, dawar ba ta da tsawo, ba za ta leƙo ta tona mana asiri ba. Na kalli ƙashin wuyansa da ya fito, na ji tarin, na ce to. Ya zazzage gwangwanin duka, har da tokar. Daga ranar, in na zo girin na shida da ke kusa, sai in kwance kan feshin, in ja robar zuwa lungu, in ba dawa rabin lokacin da ya kamata in ba ciyawa.

Gindi talatin da ɗaya suka tashi. Ban taɓa ganin mutum ya warke da kallon ganye ba sai a kansa. Ya koma cin abinci, ya koma tsokanata. In mun tashi aiki ya zagaya can, ya tsuguna yana yi musu magana da yarensu na kan dutse. Ran Lahadi in ya dawo daga majami'a can yake wuni yana korar tsuntsaye. Dawa ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi bununi, ƙwaya ta fara zama. Ya matse ɗaya da farce ya nuna mini, farin ruwa ya fito kamar nono. "Sati uku," ya ce. "Useko, Sarkin Ruwa." Da Fulatancinmu ya yi mini godiyar.

Ana cikin haka aka jefa ƙuri'a ta biyu. Mu ba mu jefa ba, sunayenmu suna can gida. Da sakamako ya fito, mutanenmu na arewa sun zaɓi Najeriya, su kuma na nan sun zaɓi Kamaru. Muna kwance a tabarma ɗaya, ba mu matsa ko taku ba, muka wayi gari baƙi. Waɗanda muke jan rola tare suka fara ce mana 'yan Najeriya, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Kamfani ya ce ba sai mun cika shekara biyun ba, nan da sati biyar za a ba da mota ta kai 'yan arewa har Jimeta, duk wanda takardarsa ba ta da laifi. Muka yi murna. Baba Zira ya lissafa da yatsu, sati uku dawa ta nuna, sati biyu ta bushe. Ya ce Allah ne ya tsara.

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Girin na shida, wanda na yi wata biyu da rabi ina rage wa ruwa, gefensa ɗaya ya fara ja, sannan ya ƙone kamar an ɗora masa tukunya. Ni na gani tun da wuri, na yi ta ƙara masa da bokiti, bai amsa ba. Ranar Laraba Mai Lofe ya zo dubawa, domin ranar Asabar manyan baƙi za su zo buɗe sabon filin. Ya tsaya a kan ƙunar, ya cire lofen daga bakinsa. Helima ya bi sawun robar a kan ciyawa, sawun ya kai shi har lungu.

Aka tara mu shida a wurin. Mai Lofe ya yi magana gajeriya, ya juya ya tafi, helima ya fassara da Hausarsa ta bariki. "Bature ya ce wannan ɓarna ne na kayan kamfani. Ya ce kafin ya gama shan shayi, wannan daji ya tafi. In ya tafi, magana ya mutu. In bai tafi ba, mai makulli ya tafi wurin ɗan sanda, sauran biyar babu mota, su taka da ƙafa."

Baba Zira ya durƙusa a gaban helima, tsoho da furfurarsa. Ya ce shi ya shuka, shi za a kama. Ya ce sati biyu kawai, a kafa zana a rufe, baƙi ba za su gani ba. Helima ba mugun mutum ba ne, ya bi Bature har mota ya roƙa, muna hangen sa yana sara masa irin ta soja. Ya dawo yana kallon ƙasa. Ya ɗauki adda ya miƙa, kuma ni ya miƙa wa.

Sauran huɗun suna kallona, kowannensu da mata da 'ya'ya a gida. Zan iya cewa don su na yi, shekaru da yawa haka nake faɗa wa kaina. Ƙarya ne. Gidan yari na ji tsoro, a ƙasar da ba ni da kowa, kuma har a wannan lokacin ina tunanin hulata. Na karɓi addar.

Tsohon ya shiga tsakiyar dawar ya zauna. Na tsaya a kansa da addar a hannu. Ya daɗe yana kallona, babu zagi, babu kuka. Da ya ga da gaske zan yi, sai ya dafa ƙasa ya tashi, ya matsa gefe.

"Yanka daga ƙasa," ya ce. "Kar ka cire kai. In kara yana jikinsa, zai ci gaba da sha kaɗan."

Na yanka daga ƙasa, gindi talatin da ɗaya. Karan ɗanye ne, ruwansa yana fantsar mini a ƙafa. Helima ya sa aka kwasa a baro a kai wa shanun kamfani. Hanyar garken ta gaban rumfar Mami take bi. Ta fito ta tare baron da faɗa, wai an zubar mata da shara a ƙofa, ta yi ta ɗaga hannu tana juya jiki, da aka wuce sai ga kara uku a bayan zaninta. Ta tsayar da su a cikin tulu mai ruwa a lungun ɗakin girkinta. Helima ya gani sarai, ya ɗauke kai.

Baba Zira bai yi gaba da ni ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Yana gaishe ni, muna ci a kwano ɗaya. Abu ɗaya ne ya canja. Bai ƙara ce mini Sarkin Ruwa ba, ko ɗan Fulani. Malam Buba ya koma kirana, kamar wani baƙon da ya gamu da shi a kasuwa. Ranar Asabar baƙi suka zo da fararen takalma, suka buga ƙwallonsu, suka tafa. An yanko ciyawa daga wani wuri an lilliƙa a kan ƙunar, babu wanda ya lura. A lungun ma babu wanda ya leƙa.

Cikin kara ukun, ɓera ya ci ɗaya, ɗaya ya yi baƙi ya ruɓe. Na ukun Mami ta yanke kansa bayan kwana goma sha biyu ta rataye a hayaƙi. A lokacin tari ya riga ya kwantar da tsohon. Na kai masa zangarniyar a shimfiɗa, ya murza gefenta da yatsa, ya duba ƙwayoyin, yawancinsu a motse kamar fatar tsohuwa. Bai ce za su yi ba, bai ce ba za su yi ba. Ya ciro tsohuwar gorar daga wuyansa, babu komai a ciki, ya murje ƙwayoyin ya zuba, ya ba ni.

"Ka kai wa Kuve," ya ce. "Ka ce mata maganan rumbun suruki, a bar shi. Ni ne na yi wauta."

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Malam Buba, ruwa ka ba shi wata biyu da rabi. Wannan ma ina ƙirgawa." Iyakar abin da na samu ke nan, kuma ban san ko yafiya ce ba.

Ya rasu saura kwana tara mota ta tashi. Mutanen majami'arsu suka binne shi a bayan mishan, mu Musulmi biyar muna tsaye daga gefe. Ni na haƙa kabarin, don na fi kowa sanin diga a lokacin. Ƙasar baƙa ce, mai laushi, irin wadda yake shinshinawa. Mami ta zo da baƙin ɗankwali, ta yi kuka kamar ɗan'uwanta ne, mutumin da ba su taɓa fahimtar kalmar juna ba.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta, sai dai a mafitar Jimeta na tsinci kaina na bar bargona yana jiƙewa na rungume gora. Kafin in je Mayo Bani na wuce Wuro Patuji. Na sami Kuve tana sussuka a tsakar gida, mace mai kama da ubanta har tsayuwa. Ta ga gorar a wuyana, ta ajiye taɓarya, ba sai na faɗa ba. Da ta yi kukanta ta share ido, na ba ta labari duka. Na yi niyyar in ce kamfani ne ya sa aka sare, in tsaya nan. Bakina ya ƙi, na ce da hannuna na yi.

Ta miƙo hannu, na cire gorar na ba ta. Sannan ta zazzage gorar a faifai, ta hura ƙaiƙayin, ta tsince masu ɗan nauyi. Ba su cika tafin jariri ba. Na ce ko mu naɗe goma a tsumma mu gani. Ta ce, "A'a. Ba mu da goma na gwaji." Ta ce gonar mijinta jigawa ne, kuma awaki sun yi yawa. "Kai kana da bakin mayo, Hamma Buba. Kai za ka shuka. Kai ka san abin da ya ci."

Da ruwan shuka ya sauka na zuba su a gefen lambun babana, na kewaye da ƙaya. Huɗu suka tsiro. Na yi damina guda ina gadin gindi huɗu kamar mahaukaci, mutanen Mayo Bani suna cewa kudu ta taɓa mini kai. Ban kula su ba. Suka yi ciki, suka fid da kai, ƙwaya ta yi nono, kuma ranar da na ga nonon nan sai da na zauna a ƙasa. Sati ukun da ya lissafa, na ga yadda suke wucewa, kwana ɗaya bayan ɗaya, ba su da wani tsawo.

Da kai ya yi ja ya sunkuya na aika wa Kuve. Ta zo da goyo a bayanta, ta zagaya su, ta ɓalli ƙwaya ɗaya ta sa a haƙori, muka ji ta ce ƙas. Na miƙa mata wuƙa, na ce ita ya kamata, dawar ubanta ce. Ta ƙi karɓa. Ta ɗauko addar da ke jingine a jikin ƙaya ta sa mini a hannu.

"Yanka, Hamma," ta ce. "Wannan karo ya nuna."

Cikakkiyar dawa kai kawai ake cirewa, kowane yaro ya san wannan. Na sunkuya na yanka daga ƙasa, kamar yadda ya ce.